Madubin Taurari a Rumbun Maigari

Samarin da ke zama bakin tashar Gazawa sun ce ba ni da sana'a. Wai in kafa bututu, mutane su leƙa, in kwashe in tafi. Ɗaya ya ce ko akuya aka koya wa za ta iya. Amma tunda wasunku sun fara zuwa suna cewa in ɗauke su aiki, gara ku ji yadda abin yake kafin ku ɓata mini kaya.

Sunana Sanda. Ɗan amalanke ne ni tun asali, ban shiga lakol ba, wato makarantar boko. Na yi dakon ruwa, na yi dakon bulo, na yi haƙar rijiya har wata ta rufta da ni, aka ciro ni da karyayyar ƙafa. Shi ya sa nake ɗingishi. Aikin madubi da furfura ya same ni.

Dakon da ya shigar da ni, akwati ne dogo kamar makara. Rabi ce ta zo da shi, 'yar ƙanwata. Ita ta yi karatu har ta ƙure na Maraɗi da na Yamai, ta wuce ƙasar waje, aikinta binciken taurari. Mota ta sauke ta a bakin gudron, titin kwalta, 'yan kabu-kabu masu babur suka yanyame ta, kowa na cewa a ɗaura masa a baya. Ta hana. Ta aika aka kira ni.

"Kawu, gilashi ne a ciki. In ya fashe ba mu da wani."

Na shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi a amalanke, na kwantar da akwatin, na ɗaure. Ban hau ba. Na kama jakin da hannu, duk inda hanya ta yi rami na kauce. Da muka isa gida ta buɗe ta duba, ta ce, "Kawu, kana son aiki?" Na ce ina da aiki. Ta ce wannan ba ya karya ƙafa.

Kayan ba su da yawa. Bututu ne, kaurinsa kamar turmi, tsawonsa ya kai mini ƙirji. A gindinsa daga ciki akwai madubi mai faɗin faifai, da ɗan zurfi kamar tasa, shi ke tara haske. Kusa da baki akwai wani ƙarami a karkace, shi ke turo hasken gefe, inda ake sa ido. Sai mazaunin katako da bututun ke juyawa a kai. Sai ɗan leƙe, wani siririn bututu a bisa babban, da shi ake fara kamo tauraro. Shi ke nan. Ba inji, ba mai.

Ita Rabi ba da wannan take aikinta ba. Akwai wani babban madubi da aka harba sama, can bayan iska da gajimare, yana shawagi ba kowa a cikinsa. Masu bincike na duniya layi suke bi, kamar mata a bakin famfo. Kowa ya faɗi inda yake so a duba masa da dalilinsa, ya jira. Wani ma a ce masa bana babu. In layinta ya zo, madubin ya juya ya tara hasken wurin, a aiko mata a ordinatar, wato kwamfuta, ta zauna tana aunawa. Garkunan taurari take bi, masu nisa, tana neman inda ake haihuwar sababbi a cikin ƙura da hayaƙi. Na ce to wannan ƙaramin na mene ne. Ta ce, "Don mutanenmu su gani da idonsu, kada su ce ƙarya nake ci da ita a waje."

Hutu ta zo gida. Hutun nan duka a hannunta na yi shi, kuma ba ta raga mini ba. Ranar farko na ga ƙura a fuskar madubin, na kama bakin rigata zan goge. Ta buge mini hannu. 'Yar da na sha ɗauka a wuya zuwa kasuwa. Ta ce abin da ke sheƙi a kai ko ɓawon albasa ya fi shi kauri, tsumma ɗaya zai kwashe shi. Ƙura ba ta hana gani, ƙarzuwa ke hanawa.

Sai daidaita madubai. Duk tafiyar amalanke tana gusar da su, ko da kaurin gashi ne. A bayan babban akwai kusoshi uku masu murɗawa. Ka leƙa, ka murɗa kaɗan, ka koma ka leƙa. In ba su fuskanci juna daidai ba, tauraro zai fito da wutsiya kamar 'yan kwaɗin tafki. Na daɗe ina fitar da wutsiya kafin hannuna ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni wuya, a ciki komai a kife yake. Hannun da ya saba da jaki sai ya sake koyo. Kuma abin da ka kama ba ya tsayawa, don ƙasa na juyawa da mu. Kafin mutum ɗaya ya gama salatinsa tauraron ya kai gefe. Tsakanin kowane mai leƙe da na bayansa sai ka sunkuya ka dawo da shi tsakiya. In gari duka ya fito, sunkuyon gari duka ne a kanka. Masu cewa zama ne su zo su tambayi bayana.

Da hutunta ya ƙare ta bar mini shi amana, da ɗan majigi, da batir, da panon cajinsa mai aiki da hasken rana. Hotunan babban madubin take aiko mini a wayar salula, in haska su a bangon lakol. Direktocin lakol ke kirana, wani lokaci meri, wato ofishin magajin gari, ranar kasuwa kuma in kafa da kaina. Abin da aka ba ni, hatsi ko wake ko kuɗi, yana riƙe gida.

Aikin Cadakori ne ya koya mini jeri. A bayan motar kasuwa na tafi, ina rungume da akwatin har can. Na fara da bango. Na haska musu garken taurari mai murɗe kamar gammo, ja da shuɗi da ruwan zinariya, na haska tulin ƙura inda taurari ke fitowa. Sannan na ce su zo su ga garke irinsa da idonsu a bututu. Wata tsohuwa ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago.

"Ɗan nan, ina abin yake?"

"Ga shi nan tsakiya, Inna, fari-fari."

"Wanga? Wanga ai tabon koko ne a zane. Mu na bango muke so."

Layi ya watse. Tun ranar, bututu ne farko, bango daga baya. Ido ya fara cin ɗan abin da zai iya, sannan a nuna masa wanda ya fi ƙarfinsa. Kuma ina faɗa musu, yadda Rabi ta ce kada in ɓoye, cewa wani hasken idon mutum ba ya ganinsa sam, masu bincike ne ke ba shi launi don a rarrabe.

Wurin kafawa ma aiki ne. Kada kusa da mai tsire ko mai shayi, zafin wuta na sa abu rawa a ciki. Kada kusa da hanyar moto, wato babur. A fito da bututun tun la'asar ya sha iska a inuwa, baki a rufe, don madubi mai zafi ba ya nuna abu da kyau. Rana kuwa ba a wasa da ita. Wanda ya leƙe ta ta nan ya rasa ido, ba magani. Shi ya sa ba na barin kayan su kaɗai in dai ba ta faɗi ba, ko fitsari ya matse ni. Ana sallame magariba a fara. Bayan isha'i kaɗan mata sun shige gida, ni ma na kwashe.

Masu leƙe iri-iri ne. Akwai mai rungume bututun kamar ya ga ɗan'uwansa, ya gusar da komai. Akwai mai rufe idon da ya kamata ya buɗe. Mata na bar mini kwalli a gilashin ido, samari na haska tocilar salula a fuskar kowa. A Gidan Sori wani ɗan kasuwa ya ga Zuhal, duniyar nan mai zobe, ya ce hoto na manna a ciki. Na ce ya cire hularsa ya rufe bakin bututun. Ya rufe, abokinsa da ke leƙe ya ce, "Ya ɓace." Ya cire. "Ya dawo." Ya yi ta yi har na ce masa hular za ta tsufa.

Makiyaya su ne ba sa gardama. Wani dattijonsu, Bello, na nuna masa Kaza da 'ya'yanta. Ya ce su Daccuki suke ce mata, tun yana bin maruƙa ya san ta. Ya leƙa, ya ce, "Ashe garken nan ya fi yadda na sani. Sauran ina suke kwana duk shekarun nan?" Washegari ya aiko mini da nono.

Akwai lokacin da layin Rabi ya zo bayan doguwar jira. Ta kira ni, ta aiko hoto. Na duba, ɗan ɗigo ne ja a cikin baƙi. Ta ce garke ne guda, haskensa ya baro gida tun ba a yi ƙasar da muke takawa ba. Na haska shi a bangon wata lakol, na faɗa musu yadda ta faɗa. Wani manomi ya ce, "Duk jiran nan don wanga ɗigo?" Na kusa da shi ya ce, "Kai fa? Ba ɗigo kake jira tun bazara ba?"

Shekarar wahala ita ce wadda ruwa ya ɗauke bayan shuka ta kai gwiwa. A damana ba na fita, don sama a rufe take. Amma wannan shekarar sama tarwai kullum. Hatsin gonata na naɗewa, gida na son abinci, sai na ɗaura wa jaki amalanke na nufi wani ƙauye mai kasuwa a ƙasar Gangara. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu mutanena ne.

Lokacin, Zuhal daga gabas yake fitowa bayan magariba. Hadarinmu ma daga gabas yake tasowa. Na kafa a filin bayan kasuwa, na juya baki gabas. Sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, da walƙiya a gindinsa. Mata suka hau kwashe shanya, ana jera tuluna a bakin indararo. Hadarin ya matso, ya zama iska, ya watse. Ko ɗigo. Kasuwa mai zuwa na koma, aka sake yin haka a idon kowa.

A ƙasarmu, yaro in ya nuna hadari da yatsa ana buge hannun, a ce zai kore shi. Kowa ya sha wannan bugun, har ni. To ni ba yatsa na nuna ba. Abu na nuna mai kaurin turmi.

Da safe ina ɗaure kaya a masaukina, aka ce maigari na kira, kuma in zo da bututun. Na tarar da ƙofar gidansa cike. A gaba akwai wani manomi, Nomau, wanda ya shuka ya ƙone, ya sake shukawa ya ƙone. Taɓarya ce a hannunsa.

"Kowa ya gani, Maigari. Yana auna hadari da wagga bindiga tasa, hadari na watsewa. A fasa ta kowa ya huta."

Liman ya ce ruwa na hannun Allah, gilashi ba ya tare abin da Ya saukar. Aka ce haka ne, Malam. Amma ba wanda ya matsa, Nomau kuma bai ajiye taɓaryar ba.

Na nemi izini in kira mai kayan. Na koma gefe na kira Rabi. Ta saurara har na gama.

"Kawu, ka san ba ya korar hadari."

"Na sani. Zo ki faɗa wa mai taɓarya."

Sannan ta ce, "In ta kai ga kai ko madubi, ka bar musu madubin."

Na ce ba don in ji wannan na kira ba. Na kashe.

Maigari tsoho ne mai ƙaramar murya. Da na dawo ya ɗago kai.

"Sanda, kayan naka ne?"

"Amana ce, ranka ya daɗe."

"To ba a fasa amana a ƙofar gidana. Amma kuma ba za ta sake kallon gabas ba sai an yi girbi. Rumbuna na tsakiya ba komai a ciki, bana kowa ya san dalili. Ta zauna can. Ni zan rufe da hannuna."

Nomau ya ce, "To na saman fa? Shi da bakinsa ya ce akwai wani babba can sama da ya fi wanga. Shi wa zai rufe shi?"

Tambayar ta tsayar da mutane, don lalle na faɗa musu haka a bangon kasuwa. Na ce, "Wancan yana bayan hadari, kuma ƙeya ya ba mu, waje yake kallo. In kana son ka rufe shi, nemo tsani, ni zan riƙe maka."

Wani ya fashe da dariya a baya, wasu suka bi. Nomau ya zage ni, amma ya jingine taɓaryar.

Ban yi gardamar ajiya ba, gardamar yadda za a ajiye na yi. Sun so a kife shi baki ƙasa, wai kada ya ga sama ta cikin jinka. Na ce in an kife shi madubin na iya sakin mazauninsa ya faɗo. Aka yarda ya kwanta, baki yamma. Na sa murfinsa, na naɗe shi da tabarma, na ɗora a kan itace biyu, na barbaɗa toka kewaye saboda gara. Maigari ya sa aka ɗora jinka, ya dafa ta da hannunsa. Na kama jakina na tafi da amalanke wayam.

Sauran damanar dakon ruwa na yi da na itace. Majigin ma ban sake kunnawa ba, ba mai son hoton sama a lokacin. Na sayar da tunkiyar gida. Ruwa ya dawo daga baya, kaɗan, a makare. Wake ya ɗan yi, hatsi bai yi ba. Wasu suka ce ka gani, da aka rufe shi ruwa ya zo. Wasu suka ce ƙauyukan da ban taɓa takawa ba ma haka suka ƙone. Lissafina laima ne da ɓera da gara, da hannun mai son ya buɗe ya gani.

Da aka gama girbin abin da ya samu, na koma. Maigari ya sa aka ɗaga jinka a gaban mutane. Tabarma lafiya, toka ba sawun komai. Na cire murfi na leƙa. Zanzaro ya sami ƙofa ta wurin sa ido, ya gina ɗakinsa na laka a gefen madubin, rabin ginin a kan fuskar.

Uwargidan maigari, Hajiya Abu, ta leƙa ta ce, "Wannan ai ba komai ba ne. Miƙo shi nan. Toka da soso, yanzu ya yi ƙal kamar tiren biki." Har ta aika a ɗauko. Na ce, "Na gode, Hajiya, amma tirenki ya fi wannan ƙarfin jiki."

Na zo da ruwan batir daga Gazawa, wanda ba gishiri ba ƙasa a cikinsa, don shi kaɗai ke bushewa bai bar tabo ba. Na kwance madubin, na ciro shi da hannu biyu, na sa a babbar roba. Na zuba ruwan rijiya da aka tace da ɗigon sabulu har ya rufe shi, na bar shi. Ban taɓa lakar ba. Mutane na tsaye a kaina. Nomau ya ce, "Kankare da farce mana, mi kake jira?" Na ce in ya gaji ya zauna. Ya zauna. Lakar ta jiƙa, ta saki da kanta, ta narke. Na karkata robar na ɗauraye, na bi da ruwan batir, na jingine madubin a tsaye a inuwa ya tsane. Da ya bushe, ɗan tabo ya rage a gefe kamar ƙwayar wake. Sauran fuskar lafiya lau. Nomau ya sunkuya ya duba, ya ga hancinsa ya cika madubin, ya ja da baya da sauri.

Kafin magariba na mayar da shi, na daidaita kusoshi, na kafa a ƙofar gidan. Na tambayi maigari ina zan juya baki. Ya ce, "An yi girbi. Juya inda ka ga dama." Shi ya fara leƙawa. Zuhal ya fito ras da zobensa, tabon bai hana komai ba. Nomau ya leƙa, ya koma bayan layi, ya sake zuwa.

Da shekara ta kewayo, hadarin fari ya fara haɗowa, ba wanda ya aiko mini. Ni na ɗora akwatin a amalanke na kai. Maigari ya dube ni, ya dubi kayan, ya sa aka ɗaga jinka. Yanzu kowace shekara haka nake yi, sai dai ina toshe wurin ido da tsumma. In mutanen garin suka hango amalankena sai su ce Sanda ya kawo madubi, a fito da iri. Ni kuma in koma gonata, sai kaka.

Da Rabi ta zo hutu ta ji labarin, ta zauna a bakin tabarma tana dubana.

"Kawu, kai da kanka kake kai shi? Ka yarda da maganarsu ke nan?"

"Ban yarda ba."

"To don me?"

"Ɗakina na yoyo. Rumbun maigari ba ya yi."